Rani a Garwa da Zaman Kashe Wando

Ku dubi gindin dalbejiyar nan a Garwa, arewacin Kamaru. Watan Maris ne, zafi ya haura digiri 40. An gama cirar auduga, an kai wa kamfanin auduga na SODECOTON, gona kuma sai damina. Samari shida a kan benci, butar shayi na kan gawayi tun hantsi.

Shan shayi ba laifi ba ne. Amma ku saurari yadda hirar ke juyawa. Da ƙwallo aka fara. Kafin azahar an shiga cin naman mutane: matar wane, 'yar gidan wane. Can wani ya zaro waya, ya ce yau akwai wasa a Ingila, a zuba sefa 500 kawai. Na gefensa ya ce jikinsa ya mutu, ya ɓallo tramol ya jefa a kofi. Cikinsu babu wanda ya baro gida da wannan niyya. Zama ne ya yi tsawo.

Zuciya ba ta zama haka nan. In ba ka ba ta abin yi ba, ita za ta nemo, kuma abin da ke kusa take ɗauka. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya ce ni'ima biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a kansu: lafiya da sararin lokaci. A Suratul Inshirah kuwa, umarnin shi ne in ka gama wani aiki, ka miƙe ga wani.

Ba zargin wanda ya nemi aiki ya rasa nake ba, wallahi wannan ciwo ne, kuma ya yi yawa a ƙasar nan. Sai dai rashin albashi daban, rashin abin yi daban. Iyayenmu mata kan ce da zaman banza gara aikin kishiya.

Yanzu mu gangara bakin Binuwai. Ga wani yaro sa'ansu a lambun albasa, tun bayan asuba yake kora ruwa kwami-kwami, laka har gwiwa. Da la'asar yana gaban malam da allonsa. Abokansa sun yi ta kiran wayarsa, ga caca ta yi daɗi. Wayar tana aljihun rigar da ya rataye a kan darni, bai ma ji ba. Ana idar da isha'i barci ya kwashe shi a kan tabarma.