Littattafan Kemistiri a Laburaren Manyan Makarantu: Abin Saye da Abin Ajiyewa

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a taron ma'aikatan laburare da malaman kimiyya a wata kwaleji da ke wajen garin Gumel.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina, da 'yan'uwana ma'aikatan laburare. Abubuwa huɗu na ƙudurta taɓawa: zaɓen littafi, sayensa, jera shi a kanta, da cire wanda ya tsufa. Na baya can, idan ba kwa ji ku ɗaga hannu, domin janareton nan ya fi ni murya.

Zaɓe ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ma'aikacin laburare yakan zauna da shugaban sashe, su buɗe manhaja, su ga darussan da ake koyarwa da yawan ɗaliban kowane aji, sannan su rubuta abin da za a saya da kason laburare na asusun TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, wanda aka kafa da dokar 2011. Abin da ba na so shi ne a jira sai an ji masu tantance kwasa-kwasai suna tafe, a kira dillali ya sauke kwalaye, a cika kanta da abin da ya kasa sayarwa a wani wuri. Kemistiri ba ya jure wannan ɓarna, domin mujallunsa suna cikin mafi tsada a duk fannonin ilimi.

Jerawa kuwa kun san ta. A tsarin Dewey na bai wa littattafai lamba, kemistiri yana lamba 540, a tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana ƙarƙashin QD. Sai dai ku tuna wa ɗalibi cewa mai neman haɗa sabulu ko sarrafa mai ya nufi 660 ko TP, inda kemistirin masana'antu yake.

Na uku, ko na huɗu ne, wato cire tsofaffi, a nan nake so mu daɗe. Akwai al'adar duba shekarar bugu kawai, a ce duk abin da ya haura shekara 20 a fitar da shi. A kemistiri wannan kuskure ne, domin wani littafin yana tsufa, wani kuwa ba ya tsufa, kuma shekarar da ke bango ba za ta gaya maka wanne ne ba. Littafin koyarwa yana tsufa. Jadawalin sinadarai yanzu yana da 118, kuma a 2016 aka tabbatar da sunayen huɗun da suka cike layi na bakwai. A 2019 an sake fayyace ma'anar mol, wato ma'aunin yawan sinadari. Ɗalibin da ya haddace tsohon bayani zai shiga jarrabawa da shi.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tsohon littafin aikin ɗakin gwaji. Ku buɗe wasunsu, za ku ga an umarci ɗalibi ya zuƙo ruwan sinadari cikin siririn bututun awo da bakinsa, ko ya yi aiki da benzin a sarari, alhali an tabbatar benzin yana jawo kansar jini. Irin wannan littafi shi ne farkon abin da za a sauke daga kanta, ko da bangonsa yana ƙyalli.

Amma littafin bayanan sinadarai daban ne. Zafin da wani sinadari yake narkewa a kai, ko hanyar da wani Bajamushe ya bi ya haɗa shi shekara 100 da suka wuce, suna nan da amfaninsu. Kundin Beilstein, wanda ya tattara irin waɗannan bayanai, ya fara fitowa a 1881. Chemical Abstracts, wanda yake taƙaita binciken kemistiri na duniya, ya fara a 1907, aka daina buga shi a takarda a 2010, ya koma intanet, inda sai makaranta ta biya kuɗi mai yawa take shiga ta shafinsa na bincike mai suna SciFinder. To, idan Allah ya sa kuna da tsofaffin kundayen nan, kuma ba ku da kuɗin rajista, da me za ku maye gurbinsu? Na maimaita, ba sa tsufa. Na taɓa sayen tsire aka naɗe mini shi a shafin irin wannan kundi, na tsaya ina karanta shi har naman ya huce. Ku ɗora su a kantar ƙarfe, ku janye ta daga jikin bango saboda gara, ku duba rufi kafin damina, ku kakkaɓe ƙurar hunturu.

Na ga hannu. Bismillah, Malama. Tana tambaya ne, ga waɗanda ba su ji ba, me makarantar da ba ta da kundayen kuma ba ta da kuɗin za ta yi.

Allah ya saka da alheri, Malama, wannan tambaya ta fi abin da ya rage a takardata. Akwai PubChem, rumbun bayanan sinadarai a intanet, wanda aka buɗe a 2004, kyauta ne, kuma ana iya neman sinadari da lambarsa ta rajista, kamar 7732-18-5 ta ruwa. Akwai shirin Research4Life, mai buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, wanda makaranta take rajista da sunanta. Akwai shafin intanet na AJOL, inda za ki sami mujallun Afirka, har da na Kano. Ranar da intanet ya yi kyau a sauke abin da lasisi ya halatta, a adana a kwamfuta ɗaya mai sola.

Sannan akwai abin da babu mai sayar miki da shi, wato binciken ɗalibanku na ƙarshen karatu a kan ruwan rijiyoyin ƙauyukan nan, da kanwa, da lalle, da ƙasar fadama. Yawanci suna jibge a ofishin sashe. Ki nemi shugaban sashe ya miƙa wa laburare kwafi ɗaya na kowanne, a ba shi lamba, a rubuta sunan ƙauyen da aka ɗebo samfurin a katinsa, domin da sunan ƙauyen ɗalibin baɗi zai zo nema. Shugaba yana nuna mini agogo, batun musayar littattafai tsakanin makarantu sai bayan la'asar.