Idan 'ya'yan lido suka yi kunnen doki, wa ya ci?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar wasan tebur za mu yi, irin wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, mutum ɗaya kuma ya ja ragamar labarin. Na daɗe ina wannan wasa da abokai, kuma babu abin da ke tayar da musu a tebur kamar kunnen doki. Na jefa, ka jefa, maki ya zo ɗaya. To wa ya ci?

 Akwai ɗan lido mai fuska 20, da shi ake yanke yawancin hukunci a Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Idan mutum biyu suka jefa irinsa, kuma ƙarin makin da kowa ke da shi, wato makin ƙwarewar jaruminsa da ake haɗawa da abin da ya jefa, ɗaya ne, sau ɗaya cikin 20 za su yi canjaras. Ƙaramin ɗan lido mai fuska shida kuwa, sau ɗaya cikin shida ne. Kun ga a zaman dare guda da wuya a tashi ba a ci karo da matsalar ba.

Akwai kunnen dokin da ba ya buƙatar dogon bayani. Jagoran wasa ya ce katangar nan sai ka kawo 15 za ka haura, ka kawo 15 cif, ka haura ke nan. Makin sulken abokin gaba 16 ne, ka kawo 16, sara ya shiga. Haka dokar take a bugu na biyar na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014.

Inda ake kai ruwa rana shi ne idan mutum biyu ne ke ja da juna. A ce jarumarki tana rungume da jakar wasiƙu, ɗan fashi ya cafko maɗaurin yana fizga. Kin kawo 14, ya kawo 14. Bugun 2014 ya ce abu ya tsaya yadda yake kafin a fara ja. Jaka tana hannunki, a hannunki za ta zauna. Da a ce doki ne a sake ku biyu kuka kai hannu ga linzaminsa, babu wanda ya kama. Ni dai wannan doka ta kwanta mini, domin tambaya ɗaya take sa jagora ya yi: wa ke ƙoƙarin sauya halin da ake ciki? Shi ne zai wuce abokin karawarsa da maki, in bai wuce ba bai yi nasara ba. Ba kuma a ce lokaci ya tsaya ba. Ɗan fashi yana nan riƙe da maɗauri, numfashinsa na dukan fuskarki, masu gadi sun ji hayaniya suna tafe.

Tsohon bugu na 2003 wata hanya ya bi: wanda ƙarin makinsa ya fi yawa shi ya ci, idan nan ma ɗaya ne a sake jifa. Gaskiya ban yarda da wannan ba. Ƙarin makin nan an riga an lissafa shi a cikin jimilla, shi ne ma ya ɗago gwani har ya kamo wanda ya fi shi sa'ar jifa. A sake ba shi nasara da makin, an biya shi sau biyu ke nan. Sake jifa kuwa shi ne ya fi ci mini rai. Kowa ya yi tsit ya zuba wa tebur ido, sakamako ya fito, sai a ce a manta a maimaita. Zumuɗin farko ba ya dawowa.

Wani wasan irin wannan, Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, a bugunsa na bakwai, ya yi wani tsari da ya burge ni. Idan aka kawo maka hari kana da zaɓi biyu. Ka kauce, aka yi canjaras, ka tsira. Ka tsaya ka rama, aka yi canjaras, mai harin ne ya ci. Wato tun kafin ɗan lido ya bar hannunka ka san abin da ka saya da zaɓinka: mai son ramuwa ya ɗauki kasada, mai son ransa ya samu rangwame.

Amma wanda na fi so a zuciyata shi ne na wasan Fate Core, wanda ya fito a 2013. Can 'ya'yan lido huɗu ake jefawa, fuskokinsu alamar ƙari ce da ta ragi da kuma wadda babu komai. Maki ba ya nisa da tsakiya, sifili kaɗai yana zuwa sau 19 cikin 81, don haka canjaras abu ne na kullum. Sai waɗanda suka tsara wasan suka ba shi nasa sakamakon: ka samu abin da kake nema, amma da ɗan farashi. Kin ƙwace jakar, sai dai maɗaurin ya tsinke, wasiƙa ɗaya ta faɗi ƙasa, ɗan fashi ya taka ta da ƙafa. Dubi yadda labari ya samu sabon reshe daga lamba biyu da suka zo ɗaya. Ko a teburin Dungeons & Dragons nakan ari wannan dabara, matuƙar an sanar da kowa tun farkon zama. Hukuncin da jagora ya ƙirƙiro bayan ya ga lamba, ko da adalci ne, wanda ya sha kaye zai ji kamar an yi masa son kai.

Saura batun wa zai fara motsi idan faɗa ya ɓarke. A bugun 2014 na Dungeons & Dragons, 'yan wasa biyu da suka yi kunnen doki su za su sasanta a tsakaninsu, idan kuma da dodo ne jagora ya yanke. Wasan Pathfinder bugu na biyu, na 2019, ya ce abokin gaba ne zai fara. Wannan na biyun nake bi a teburinmu, domin yana ɗauke wa jagora zargi, kuma babu wanda zai tsaya jayayya ana tsakiyar faɗa.