Sikeli ya tsaya, zani ya saki

Ummi: Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Yaya Habu, Nura, kun dai ga yadda guruf ya ɗauki zafi tun Asabar.

Nura: Kan maganar 'yar'uwarmu ta Barnawa.

Ummi: Ita fa. Sati shida tana sassarfa a Dandalin Murtala bayan asuba, ta hau sikeli, nauyin nan yana nan inda ta bar shi. Ta ce ita ta haƙura.

Habu: Don Allah kada ta haƙura. Ni abu biyu na tambaye ta. Na ce benen ofishinku har yanzu kina haki in kin hau? Ta ce a'a. Zaninki fa? Ta ce ya fara saki a ƙugu. To ai aiki ya yi nisa, sikeli ne ba shi da ido. Tsoka in tana aiki, iskar oksijin da jini ke kawo mata ba ta isarta, sai ta saki wani sinadari da likitoci ke kira VEGF. Shi ke sa ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashin kai siranta, su riƙa fitar da rassa suna zagaye zaren tsoka. Cikin 'yan makonni ake fara ganin wannan.

Nura: Kamar a ce da kowa sai ya bi ta Ahmadu Bello Way, sai aka buɗe layuka ta ciki.

Habu: Ka gama magana. Kaya na isa da wuri, shara na fita da wuri. Sannan ruwan jinin kansa ƙaruwa yake yi, tsoka kuma ta koyi ajiye suga, kuma duk inda ta ajiye shi da ruwa take haɗawa. Duk wannan nauyi ne a kan sikeli, amma ba kitse ba ne.

Nura: Ni wallahi duk lokacin da aka zo nan, 'yan ga-ruwa nake tunawa. Jarka goma a kura, kowace lita 25. Kilo 250 ke nan, ban da nauyin kurar.

Ummi: Kuma a hawan nan na layinmu a Tudun Wada!

Nura: Akwai wani dattijo da ke kawo mana ruwa tun ina firamare. Har yau in ya naɗe hannun riga, jijiyoyin damtsensa raɗa-raɗa.

Ummi: Mai hular saƙa? Wanda ke tsayawa wajen mai ƙosai ta bakin masallaci?

Nura: Shi! Ke ma kin san ƙosan nan?

Ummi: Haba Nura, mai yajin tafarnuwa? Har Malali nake kai wa Hajiyarmu.

Nura: Da kokonta mai tsamiya. Amma fa in bakwai da rabi ta wuce sai dai ka tarar tana wanke kasko.

Ummi: Ranar Juma'a ma ba ta kai haka.

Habu: To tunda kun kai mu can, a nan wani ɓangaren matsalar yake. Motsa jiki na buɗe ciki. Mutum ya yi minti talatin yana zagaye, ya fito ya zauna da ƙosai, burodi da shayi mai suga cokali huɗu, abin da ya ƙona ya dawo har da riba. Ƙosai kansa wake ne, furotin ne, man da ya sha ne abin lura. Kuma gaskiya sassarfa kaɗai ba ta gina tsoka sosai. Sai an haɗa da abin da ke da nauyi.

Ummi: Yaya, nan ne mata ke tsorata. Suna cewa kada su yi ƙwanji irin na maza.

Habu: Ba zai faru da jarka biyu a tsakar gida ba, sinadarin testosteron, mai taimakawa wajen gina tsoka, na mace bai kai ko kusa da na namiji ba. Abin tsoro shi ne rashin tsokar. Daga shekara 30 jiki na zubar da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa duk shekara goma, in an zauna. Shi ya sa kake ganin iyayenmu tashi daga sujada na ba su wuya. Kuma tsoka ce ke shanye mafi yawan sugan da ke cikin jini, mai tsoron ciwon suga ya riƙe wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 cewa ta yi a yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Tsugunno da tashi, tura bango, ɗaga jarka. 'Yar'uwarmu ta Barnawa kuma ta ajiye sikeli ta ari tef ɗin tela, don kilo ɗaya na kitse ya fi kilo ɗaya na tsoka cin wuri.

Nura: Masu atisayen kwanciya da tashi sau ɗari don tumbi ya sauka fa?

Habu: Tsokar cikin za ta yi ƙarfi, amma jiki ba ya zaɓar inda zai cire kitse don ka matsa wa wurin.

Ummi: Mun yi alkawarin maganar garin furotin da samari ke saye, amma ga shi an fara kiran magariba.

Habu: Ƙwai, awara, kifi, nono, su fara da su tukuna, saura kuma...

Ummi: Sai mako mai zuwa, Yaya. Nura, kashe.