Sharhi: Uwargidan Gwamna da Aikin da Ke Saura Bayan Mulki

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai tanadi ofishin uwargidan gwamna ba. Amma tun 1987, lokacin da marigayiya Maryam Babangida ta ɓullo da shirin kyautata rayuwar matan karkara, abin ya zama al'ada: mijinki na hawa kujera, ke kuma ki kama wani aikin jinƙai. A nan Kaduna gwamnoni shida suka zauna a Gidan Sir Kashim Ibrahim daga 1999 zuwa yau. Rabon shinkafa da atamfa da kekunan ɗinki kuwa, mun gan shi har ba adadi.

Ba na raina kyauta. Mai jin yunwa ya san darajar mudun shinkafa. Sai dai kowa a garin nan ya san inda yawancin kekunan nan ke ƙarewa. An ba mace keke ba a koya mata ɗinki ba, yaro ya kwanta da zazzaɓi, kafin wata ya zagayo keken ya tafi kasuwa a rabin kuɗi.

Shi ya sa a yau nake son mu dubi Hajiya Hadiza Isma El-Rufa'i, uwargidan tsohon gwamna Malam Nasiru, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023. Mu ajiye siyasar mijinta a gefe, kowa da ra'ayinsa a kai. Ita dai ta karanci zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ta rungumi alƙalami, har ta fitar da littafin ƙagaggen labari a 2017. A 2011 Allah ya jarrabe ta da rasuwar 'yarta Yasmin. Duk uwar da ta binne ɗanta ta san wannan ciwo ba ya warkewa. Da sunan wannan 'ya ta kafa gidauniya, ta kuma zaɓi abin da ba ya tara 'yan kallo: koya wa mata karatu da rubutu, da horar da yara tsara labari da waƙa.

Wani zai ce, rubutu ana fama da abin sakawa a bakin salati? To, ku leƙa layin awon ciki a kowane asibiti da sassafe. Za ku ga baiwar Allah, goyo a baya, kati a hannu, tana waige-waige tana neman wanda zai karanta mata ranar da za ta dawo. Wata kuma sai ta miƙa wa yaron maƙwabta wayarta ya duba mata ko kuɗi sun shigo, sirrinta duk a hannunsa. Ranar da wannan mata ta iya haɗa baƙi da wasali, ba mai ƙwace mata wannan ilimi, ba kuma za ta kai shi kasuwa ba ko da talauci ya kai ta bango.

Don haka ga roƙona ga Hajiya Hafsat, uwargidan Gwamna Uba Sani, da duk wadda za ta biyo bayanta. Ranki ya daɗe, a ci gaba da rabon azumi da na salla, Allah ya saka da alheri. Amma a buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure a Rigasa, da Birnin Gwari, da Kafanchan. A sa lokacin karatun bayan azahar, sa'ad da aikin gida ya lafa. A riƙa biyan malamai mata haƙƙinsu a kan kari, a kuma danƙa kula da azuzuwan a hannun mutanen unguwa tun kafin wa'adin mulki ya cika.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.