Darasi: Yadda ake fito da funfunar da ke ɓoye cikin ganye

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Kun ga wannan ganyen darbejiyar? Kore shar, ba tabo. Amma a cikin namansa akwai funfuna zaune, ba ta cutar da shi. Masana na kiran irinta endofayit, kuma wasu daga cikinsu na fitar da sinadarin da ke kashe bakteriya da sauran funfuna.

Abin da ya sa muka damu: a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya, kuma in aka duba yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi shafa. Shi ya sa ake neman sabon magani a jikin irin wannan funfuna.

To, ga aikin. A wanke ganyen, a tsoma shi a itanol, wato sifirit, mai ƙarfin kashi 70 kamar minti ɗaya, sai ruwan bilic, sai a ɗauraye da ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Ku saurara da kyau, nan ne ɗalibai ke tafka kuskure. In wankin bai yi ba, abin da zai tsiro dattin bayan ganye ne, ba na ciki ba. In ya yi yawa, kun kashe wadda kuke nema. Don haka ku ɗiga ruwan ɗaurayar ƙarshe a wani faranti daban mai abincin funfuna. Ya tsiro da wani abu? A sake daga farko.

Sai a yayyanka ganyen, a jera a farantin da aka zuba abincin funfuna na dankalin Turawa da suga. Bayan 'yan kwanaki za ku ga zare-zare na fitowa daga bakin yankan.

Ta irin wannan hanya Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana a Amurka ya samo wata funfuna mai suna Muscodor albus a reshen kirfa daga Honduras. Wannan ko taɓa abokan gabarta ba ta yi, tururin da take fitarwa ne ke kashe su.

Namu kuwa, za mu tatsi sinadarin mu ɗiga a farantin da aka shafa wa bakteriya. In ya yi aiki, za a ga da'ira fes inda ba abin da ya tsiro, a auna faɗinta da milimita. Amma don Allah kada wani ya sha, ba a gwada shi a jikin mutum ba tukuna. Tatsar kuma sai darasi na gaba, in Allah ya kai mu.