Mutum-mutumi ba ya ba da labari

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A watan Afrilun 2024 wani dattijo ya rasu a jihar Uttarakhand ta ƙasar Indiya yana da shekara 103. Sunansa Dalip Singh Majithia. Ya shiga aikin sojan sama a 1940, ya tuƙa jirgin Hurricane a fagen Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ranar da ya cika shi ne mafi tsufa cikin matuƙan jiragen yaƙin Indiya da suka rage. Jaridu sun buga hotonsa, manyan hafsoshi sun yi ta'aziyya, bayan kwana biyu kowa ya koma kan hayaniyar zaɓe. Tun daga lokacin abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin da irin wannan dattijo ake binne abin da babu wanda zai iya tono shi kuma. Tsararsa ta ƙare, ko kuwa saura ƙiris. Abin da ya rage yanzu takardu ne a cikin akwatunan gidaje, kuma gara ba ta jiran kwamiti ya zauna.

Bari in faɗa muku irin mutanen da muke magana a kansu.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai Hardit Singh Malik, ɗalibi a Oxford, ɗan addinin Sikh. Ya nemi shiga rundunar sama ta Birtaniya aka ce babu gurbin Ba'indiye. Ya tafi Faransa yana tuƙa motar ɗaukar majinyata, har Faransawa suka yarda su ɗauke shi matuƙi. Sai da malaminsa ya rubuta wa babban hafsan rundunar takardar ƙorafi, sannan Ingilishi suka ji kunya suka karɓe shi a 1917. An ɗinka masa hular tashi ta musamman wadda za ta hau kan rawaninsa. A watan Oktoban wannan shekara ya dawo daga fafatawa da harsashi a ƙafa, jirginsa kuwa kamar rariya. Akwai kuma Indra Lal Roy, ɗan Kalkata, wanda aka lissafa masa jiragen Jamus 10 cikin kimanin mako biyu a watan Yulin 1918. Ranar 22 ga watan aka harbo shi a arewacin Faransa. Shekararsa 19. Kabarinsa na nan a wani ƙauye da ake kira Estevelles.

To, ku lura da bambancin mutanen nan biyu. Malik ya rayu har 1985, ya zama jakadan Indiya a Faransa, ya zauna ya rubuta tarihinsa, iyalinsa suka adana rubutun har aka buga shi fiye da shekara 20 bayan rasuwarsa. Shi ya sa yau muka san yadda aka kore shi da yadda ya dawo, daga bakinsa. Roy kuwa an buga hotonsa a kan sarki na gidan waya a 1998. Kan sarki yana da kyau, amma tambaye shi abin da yaro ɗan shekara 19 yake ji in ya hau sama da asuba, ka ga ko zai amsa.

Rundunar sojin saman Indiya ita kanta an kafa ta ne ranar 8 ga Oktoban 1932, ta fara tashi a Karachi a watan Afrilun 1933 da jirage 4 ƙirar Wapiti. Jirage huɗu! Kafin shekara 10 ga 'ya'yanta a bakin daga. A watan Fabrairun 1942, lokacin da Japan ke cin Burma kamar wutar daji, Karun Krishna Majumdar, wanda abokansa ke kira Jumbo, ya isa garin Toungoo na Burma da Rukuni na 1. Jiragensu Lysander ne, jirgi mai nawa wanda aka ƙera don leƙen asiri. Da Japanawa suka yi wa filinsu ruwan bama-bamai, sai ya sa aka ɗaura wa jirginsa bam ya je ya rama a filin jirginsu na Mae Hong Son a Tailan. Shi ne hafsan sojin saman Indiya na farko da ya samu lambar yabo ta DFC a wannan yaƙi, ya sake samun ta biyu bayan shawagin leƙen asiri a Faransa a 1944. Ya mutu a haɗarin jirgi a Punjab a watan Fabrairun 1945. Kun san inda lambobinsa suka ɓulla a 2014? Kasuwar gwanjo a Landan. Sai da aka ji ana shirin buga musu ƙararrawa sannan hankalin mutane ya tashi.

Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi. Ba a tuna mutanen nan sai an ji gwanjo, ko an ji mutuwa.

Na san abin da wasu za su ce, don an daɗe ana faɗa a Indiya: ai sojan Bature ne, sun yi wa mai mulkin mallaka yaƙi, jaruman gaskiya su ne waɗanda suka bi Subhas Chandra Bose suka yaƙi Ingilishi. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa. Wa ya jagoranci jiragen da suka yi shawagi a kan Delhi ranar samun 'yanci, 15 ga Agustan 1947? Arjan Singh, wanda ya samu tasa DFC a yaƙin Imphal na 1944 da Japanawa, kuma shi ne shugaban rundunar a yaƙin Indiya da Pakistan na 1965. Wa ya zama Ba'indiye na farko da ya shugabanci rundunar a 1954? Subroto Mukerjee, ɗan 'yar'uwar Indra Lal Roy. Ba za ka zauna a inuwar bishiya kana zagin wanda ya dasa ta ba. Kuma ko da mutum bai yarda da yaƙin da suka yi ba, ajiye shaida daban, yabo daban. Alƙali ba ya ƙona takarda don ba ya son mai ita.

Amma siyasa ta yi aikinta. A Delhi akwai Ƙofar Indiya, wadda Turawa suka gina don mamatan yaƙin farko. A 2019 an buɗe sabon dandalin tunawa da mazan jiya na ƙasa, shi kuma na waɗanda suka faɗi ne bayan samun 'yanci. Mutanen yaƙi na biyu sun faɗa tsakani, alhali Indiyawa kimanin miliyan 2 da rabi ne suka sa kaki a wannan yaƙi, kusan 87,000 ba su dawo ba. Rabuwar ƙasa zuwa Indiya da Pakistan a 1947 ta ƙara yayyaga labarin. Asghar Khan, wanda ya yi Burma tare da su, ya koma Pakistan ya shugabanci rundunar samanta, ya rasu a 2018. Abokan ɗaki ɗaya suka wayi gari a ƙasashe biyu masu gaba, hotunansu da wasiƙunsu suka rabu kamar yadda suka rabu.

Su Ingilishi ma ba su fita ba. A 1940 an kai matuƙa 24 daga Indiya su taya su kare sararinsu. Ɗaya daga cikinsu Mahinder Singh Pujji, wanda ya ƙi cire rawaninsa ko a cikin jirgi, ya yi yaƙi a Turai da Arewacin Afirka da Burma. Tsufansa a garin Gravesend na Ingila ya yi shi, yana ta kokawa cewa an manta da su. A 2009 wata jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, BNP, ta manna hoton jirgin Spitfire a takardun kamfe, dattijon nan mai shekara 90 ya fito ya ce musu wannan jirgi ba nasu ba ne su kaɗai. Aka duba ma aka ga jirgin da ke hoton na rukunin 'yan Poland ne. Pujji ya rasu a 2010. A 2014 aka kafa masa mutum-mutumi a garin. Madalla. Amma ranar da wani ya sake yin irin waccan ƙarya, mutum-mutumin ba zai buɗe baki ba. Mai buɗe baki shi ne muryar da aka naɗa da takardar da aka ajiye.

Wace takarda? Kowane matuƙi yana da littafin tashi. Littafi ne mai layi-layi, kowane tashi da layinsa: kwanan wata, irin jirgi da lambarsa, inda aka nufa, aikin da aka je yi, awa nawa aka yi a sama. Ƙarshen wata shugaban rukuni ya duba ya sa hannu. A gefen shafi kuma mutum kan ƙara kalma biyu uku da alƙalaminsa, cewa an harbe mu a wuri kaza, ko wane bai dawo ba. Wani ya liƙa hoto, wani ya soka wasiƙar gida a tsakiya. Littafi ɗaya irin wannan ya fi jawabin biki goma. Da yawa daga takardun rukunonin suna ma'ajiyar Kew a Landan, to amma su takardun hukuma ne, sun san lambar jirgi, ba su san zuciyar mai tuƙa shi ba. Littafin mutum yana gida, a ƙasan akwatin ƙarfe, a ƙasar da damina ke sa bango ya yi gumi. Jika ya tashi ƙaura zuwa birni, ya ga tsohuwar takarda mai warin laima, shi ke nan.

Ba na cewa ba a yin komai. Akwai gidan tarihin rundunar a Palam da ke Delhi. Akwai 'yan sa-kai na shafin Bharat Rakshak da suka shafe shekaru suna bin tsofaffi gida-gida. An gyara wa rundunar tsofaffin jirage, Tiger Moth da Harvard da Dakota, suna tashi ranar biki ana tafi. To in ana iya tayar da ƙarfen da ya yi shekara da shekaru a kwance, me zai hana a tura matasa da na'urar ɗaukar hoto su bi iyalan nan ɗaya bayan ɗaya? Inda nake da shakka shi ne ko iyalai za su yarda su saki kayan kakanninsu, kuma ba zan ga laifinsu ba, don abin da ya shiga ofishin gwamnati ba kullum yake fitowa ba. Sai a bar musu kayansu. A ɗauki hoton kowane shafi, a naɗi muryar 'ya'yan da suka ji labari daga bakin uba, a sa a intanet inda ɗan Lahore da ɗan Delhi za su gani daidai wa daida. Wayar da ke aljihun kowa ta isa wannan aiki.

Kada mai sauraro ya ce ina ruwanmu. A 1944, lokacin da Rukuni na 6 ƙarƙashin Mehar Singh ke shawagin leƙen asiri a kan yankin Arakan na Burma, su wa ke ƙasa a kwarin Kaladan? Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, kakanninmu, waɗanda abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefo musu saboda babu hanyar mota. Daga baya ta 82 ta bi sahu. Shi ya sa muke da barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunaye ne daga fagen Burma. Kullum muna wucewa ta gabansu a mota.

A unguwarmu akwai wani tsoho da muke kira Baba ɗan Bama. Da yamma yakan zauna a kan dakali, ya nuna mana tabon da ke ƙaurinsa, ya kwatanta yadda suke shimfiɗa ƙyalle a fili don jirgi ya gane inda zai jefo buhuna, da yadda suke ɗaga kai in sun ji ƙara suna addu'ar Allah ya sa nasu ne. Yana da wata ƙaramar gwangwani da yake ajiye lambobinsa da takardar sallamarsa. Na girma, na kama aikin rediyo, na'urar naɗar murya tana rataye a kafaɗata kullum, ina cewa gobe zan je in zauna da shi. Ranar da na je, na tarar da zaman makoki. Bayan sadakar arba'in na tambayi gwangwanin, aka duba ɗakin, ba a gan ta ba.