Gwaji bai nuna ƙwayar ƙanjamau ba, shi ke nan an warke?

[Hoto: takardar sakamakon gwaji, an rufe suna]

Jama'a irin wagga takarda ce ke ta yawo a WhatsApp daga Gusau har Talata Mafara, wai mutum ya warke daga ƙanjamau tunda an auna jininshi ba a ga komai ba. Ku dakata mu duba.

[Hoto: robar magani, ƙwaya ɗaya a tafin hannu]

Maganin da mafi yawan masu cutar ke sha yanzu a Najeriya shi ne TLD, ƙwaya ɗaya rak a rana, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Mai sha yana noma, yana kasuwa, yana aure ya haihu. Ga azumi ma sai a yi shawara da likita a maida lokacin sha sahur ko buɗa-baki.

[Hoto: bututun jini a dakin gwaji]

To nan ne anka fi ruɗewa. Idan mutum ya riƙe magani kullum, cikin kamar wata 6 ƙwayar cutar za ta ragu a jini har na'ura ta kasa ƙirga ta. Wannan babban abin murna ne wallahi, don wanda ya kai nan kuma ya ɗore ba ya sa ma matarshi ko mijinta cutar ta hanyar kwanciya. Amma ba ta fita jiki ba, tana nan laɓe cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki inda magani bai kashe ta, shi dai hana ta hayayyafa yake. Ka aje magani, cikin 'yan makonni ta dawo jini, kai kuma ba ka jin komai, kana ganin lafiya lau kake. In kuma kana sha kana bari, tana iya sabawa da maganin ya daina yi maka aiki.

Abin da ke ƙona mani rai, masu tallar magani da lasifika ranar kasuwa irin wagga takarda suke ɗagawa su ce sassaƙensu ne ya yi aiki.

[Hoto: ruwan maganin ulsa, ƙwayar ƙarin jini]

Wani abu kuma, maganin ulsa na ruwa da ƙwayar ƙarin jini na iya rage ƙarfin TLD in anka haɗa su lokaci guda. Hajiya in kina da juna biyu ki tambayi ma'aikaciyar asibiti yadda za ki raba lokutan.